Inda Muka Rubuta Sunan Musa na Malam

Shekara goma sha biyu ke nan, a wannan wata na Safar, da rasuwar mahaifina, wanda mutanen unguwarmu a nan Makka suka sani da Musa na Malam. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Karatuna bai yi nisa ba, ɗinki ne sana'ata, kuma a gidanmu ba a saba doguwar magana a kan mamaci ba, addu'a ake yi a tashi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne wata takarda da ta hana danginmu sakat wata biyu cur. Na gaji da ita, na ga gara in faɗa muku, ku da ke can gida, ko nauyin ya ragu. Wani alhaji mai komawa ne zai riƙo muku wannan rubutu.

Baba ba ɗan cikin Malam Haruna ba ne. Malam Haruna ya baro ƙasar Kano a ƙafa da niyyar hajji, tare da matarsa Inna Rakiya, da 'yarsu Hansatu, da jaririnsu Usman. Can bayan Wadai, a bakin wata rijiya, suka tarar da wata mata kwance, ciwo ya ci ƙarfinta, ayarinta ya wuce, ga jariri namiji a gefenta. Ba ta kai yamma ba. Malam ya yi mata sutura, ya ɗauki yaron, ya raɗa masa Musa. Babu wanda ya san ubansa, babu wanda ya san garinsu. Haka suka ci gaba, suna yada zango suna noma suna tashi, har suka haye teku daga Sawakin suka iso nan, yaran biyu suna gudu da ƙafarsu.

Sana'ar Baba ɗiban ruwa ce. Garwa biyu a sanda, daga bazan, wato matattarar ruwan unguwa, zuwa gidajen da ke kan dutse, sau nawa a rana ban sani ba. In hajji ya zo ya tafi Mina ya yi ta kai ruwa tanti-tanti. Ranar da muka yi masa wanka na ga kafaɗarsa ta dama, ta yi kanta, ta yi baƙi kamar fatar jima. Nakan ce da zai dawo yau ya ga mota na kai ruwa, ya ga alhazan ƙasarmu suna sauka daga jirgin sama da fararen kaya ko datti babu, da sai ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Bai iya hassada ba. Abin da na san zai dame shi shi ne jikokinsa, da in ka yi musu Hausa sai su mayar maka da Larabci.

Tun yana yaro ake ce masa Musa na Malam, don a bambanta shi da wasu Musa biyu a cikin ayarin. Mu Hausawa mun san abin da wannan “na” take nufi. Mutum na iya zama na wane don shi ya haife shi, ko shi ya raine shi, ko a gidansa yake ci. Ba ta tambayar jini. Amma takardar hukuma ba ta san da ita ba.

Shekarun baya, kafin babban yaƙin nan da ya sa alhazai suka yi ƙaranci, aka ce kowa ya je ya yi tabi'iyya, takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Malam ya riga ya rasu, ni kuma na yi aure. Na raka Baba wurin wani marubuci mai zama a bakin ofis yana cika wa mutane takardu. Mutumin ya ce, “Bin man?” wato ɗan wa. Baba ya amsa yadda ya saba amsawa duk rayuwarsa, ya ce, “Na Malam Haruna.” Marubuci bai ɗaga kai ba, ya rubuta Musa bin Haruna.

Mun yi 'yan taku, sai Baba ya ce in karanta masa. Da na karanta ya tsaya cak a tsakiyar hanya.

“Idi, mu koma,” ya ce. “Ni na Malam ne, ba ɗan Malam ba ne.”

Na ce, “Baba, ai duk ɗaya ne, ga rana ta yi zafi.”

Ya ce, “A wurinka ɗaya ne. Malam da bakinsa ya karantar da ni cewa ba a jingina mutum ga wanda bai haife shi ba. In yi masa ƙarya da sunansa yana kabari?”

Muka koma. Marubucin ya ce babu gurbin “na” a takarda. Wanda ba a san ubansa ba, bin Abdullahi ake sa masa. Baba ya ɗan yi tunani, ya ce, “Sa hakan. Ko wane ne ubana, bawan Allah ne.”

Baffa Usman, wanda suka tashi tare kamar tagwaye, ya ji zafin abin ƙwarai. Ya zo har gida ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Ubana bai ishe ka ba ne, Musa?” Hawaye dai na gani a idon Baba. Wata guda ba su ci a akushi ɗaya ba. Daga baya suka shirya ba tare da kowa ya ba wani haƙuri ba, kuma Baffa Usman ne ya shiga kabari ya karɓi gawar Baba. Shi ma bayan shekara uku ya bi shi.

Na ɗauka maganar ta mutu tare da su. Sai bana, da aikin faɗaɗa Harami ya kai ga layinmu, aka rushe gidajen, dangi suka watse. Wasu suka koma Zahir, wasu Jidda. Salihu, ɗan Baffa Usman, wanda ya fi mu duka karatu kuma yake aikin ofis, ya ce kafin yara su manta juna zai rubuta shajara, wato bishiyar asalin gida. Niyya ce mai kyau, ban taɓa cewa ba mai kyau ba ce. Ya samo babbar takarda, ya zana gindi da sunan kakan Malam Haruna, ya fitar da rassa, kowane namiji da ganyensa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka taru a gidan Gwaggo Hansatu a Zahir, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka tako hanyar nan. Salihu ya shimfiɗa takardar a kan tabarma. Na bi ta da yatsa daga gindi har sama, na sake bi. Babu Baba. Babu ni, babu ƙannena, babu 'ya'yanmu.

Na ce, “Salihu, ina baffanka?”

Ya ce, “Ya ahuya, ɗan'uwana, kada ka ɗauka da zafi. Shajara nasaba ce. Kuma shi da kansa ya cire kansa, kai ne ma shaida.”

Gaskiya ya faɗa, ni ne shaidar. Na sa takalmina na fita.

Daga nan aka shiga kai da kawo. Wannan ya zo shagona ya ce Salihu ya yi rashin kunya, wancan ya zo ya ce Salihu ya bi shari'a. Matanmu suka daina aika wa juna abinci. Babban ɗana, wanda ke neman 'yar wani gida da suke tambayar asali, ya same ni ya ce, “Yaba,” haka suke kiran uba a nan, “in sun ce su ga shajara fa?” Na ce masa ya je ya yi aikinsa. Amma tambayar ta zauna mini a ƙirji, ina taka keken ɗinki tana takawa tare da ni.

Bayan mako shida Salihu ya zo da kansa, da takardar a naɗe a hammata. Shi ma ya rame. Ya ce, “Halas, ya isa haka, Yaya, na gaji. Zan fitar masa da reshe kusa da na Babana, in sa Musa bin Haruna. Wa zai bincika? Yawancin waɗanda suka sani sun mutu.”

Ba zan ɓoye muku ba, na so in ce to. Kalma ɗaya ce, ɗana ya samu abin nunawa, rigima ta mutu, kowa ya huta. Har na buɗe baki. Sai na ga Baba tsaye a tsakiyar hanya cikin rana, yana cewa mu koma. In na yarda, na sa sunansa a takarda, amma na ƙaryata shi. In na ƙi, na goge shi da hannuna, tare da duk wanda ya fito daga gare shi. Na ce wa Salihu ya tashi mu je wurin Gwaggo.

Gwaggo ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma bakinta yana nan. Ta saurare mu tana jan carbi, sa'an nan ta ce, “Kai mai alƙalami, karanta mini sunan uwata a bishiyar taka.”

Salihu ya ce, “Gwaggo, ai ba a sa mata.”

“To daga ina kuka faɗo, daga kan dabino? Shi ya sa kuka ɓata wata biyu kuna neman ƙofa a bango. Ni ina da wayo a bakin rijiyar nan. Da idona na ga Inna ta sa ubanka a dama, ta sa Musa a hagu, ita kuwa ba ta ƙoshi ba. Shekara biyu suna rabon nono ɗaya, ubanka yana cizo, Musa yana haƙuri. Tun da kake, ka taɓa ganin na rufe kaina don Musa ya shigo? Ƙanena ne. Ba ta wurin Malam za ku neme shi ba, ta wurin Inna yake.”

Duk mun san wannan labari, amma ba wanda ya ɗauke shi abin rubutawa. Muka tambayi limamin unguwa. Ya ce shayarwa ba ta ba da gado, ba ta canja sunan uba, amma zumunci ne da shari'a ta sani, kuma wanda ya rubuta shi bai yi ƙarya ba.

Ga yadda aka ƙare. Salihu bai yarda ya zana masa reshe daga gindin ba, ni ma ban nema ba. A gefen dama, kusa da sunan Malam, ya rubuta Rakiya, matarsa. Ita kaɗai ce mace a takardar duka. Ya ja siririn layi daga sunanta, ya rubuta: Musa, ɗanta na shayarwa. A ƙarƙashinsa mu huɗu, a ƙarƙashinmu 'ya'yanmu. In ka hango takardar daga nesa sai ka ga bishiya, da wani abu a gefenta kamar an ɗaura shi da zare. Ɗana bai ji daɗi ba, ya ce mutane za su yi tambaya. Na ce in sun tambaya ya faɗa musu. Har yau mutanen gidan yarinyar ba su ba da amsa ba, kuma ban san me za su ce ba.

Na yi ta tunanin ko Baba zai yarda da wannan. Ina jin zai ce mun yi surutu da yawa a kan takarda. Amma zai sa a karanta masa, kalma-kalma, kuma ban ga inda zai ce a gyara ba.

Bai bar gida ba, wanda muka zauna ma an rushe. Kabarinsa a Ma'ala yake, nan kuwa ba a sa alama, ko ni da na zuba ƙasa ba zan iya nuna wurin ba. Abin da ya rage nasa shi ne mu, da wannan hali na ƙin karɓar abin da ba nasa ba, ko da suna ne, ko da masu abin ne suka miƙo masa da hannu biyu. Hali ne mai nauyi. Na ɗauke shi wata biyu kawai, na ji a jikina. Shi ya ɗauke shi shekara sittin bai taɓa yi mana ƙorafi ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan macen da ta raba masa rabon ɗanta, da mutumin da ya raine shi bai ɓoye masa gaskiya ba.

Da za mu tashi ranar, Gwaggo ta faɗi abin da ban taɓa ji ba. Ta ce matar bakin rijiya doguwa ce, tana da zane uku-uku a gefen baki, kuma da aka ba ta ruwa “madalla” ta ce, da Hausa. In a gidanku akwai tsohuwar da ke ba da labarin wata da ta yi gabas da goyo aka daina jin ɗuriyarta, ku gaya mata yaron ya rayu, ya tsufa a Makka, ya bar jikoki.

Na roƙi Salihu ya bar wuri a saman sunan Baba, faɗin yatsa biyu, don sunan waɗanda suka haife shi. Ya ce, “Wa zai cika shi, Yaya?” Na ce ban sani ba. Ya dube ni, ya rufe bakin tawadarsa, ya bar wurin.