Kananzir a Tukunyar Yaya

A shekarun da duba-gari ke da kwarjini, lokacin da ake sa kaki mai sitaci a goge takalmi har ya ɗauki ido, babu wanda masu sayar da abinci ke tsoro kamar Mai Hankici. Ya fara aiki yana saurayi, yana bin lunguna da ludayi yana leƙa randunan mutane, har ya zama babban jami'in tsabtar muhalli, da ofishinsa da fanka da ƙananan ma'aikata masu miƙewa in ya shigo. Sunan ya samo asali ne daga farin hankicin da yake shafawa a ƙarƙashin tebur. In ya ɗaga ya ga baƙi, magana ta ƙare.

Ƙa'idar aikin ita ce, abincin da aka haramta a zuba masa kananzir, don kada a sayar bayan jami'ai sun tafi. Sauran sukan zuba da kansu su yi gaba. Shi kuwa mai abincin yake miƙa wa galan, ya koma gefe hannu a baya, har sai mutum ya tsiyaye shi a kan abin da ya wahala ya dafa. Wani tsohon mahauci ya taɓa yin kuka yana zubawa. Mai Hankici ya ce masa, "Baba, share majinar nan. In ta ɗiga a teburin, wani laifin ne daban."

Yayarsa ce ta raine shi bayan rasuwar uwarsu. Tana da ɗakin cin abinci a bayan tashar mota, mai shuɗin labule da dogayen bencina da manyan tukwane a kan murhu. Da wannan ɗaki take ci, da shi ta ciyar da shi har ya gama makaranta. Ita ta koya masa wanke hannu har gwiwar hannu. Bai taɓa zuwa duba ta da kansa ba. Ƙananan ma'aikata yake turawa, su dawo su ce ba su ga komai ba, kuma gaskiya suke faɗa.

Sai darakta ya yi ritaya, aka fara raɗe-raɗin wa zai gaje shi. Su biyu ake ambata, shi da wani abokin aikinsa da ake kira Dogo. A wurin taro, a gaban manya, Dogo ya yi murmushi ya ce, "Hankicin Yallaɓai ya san kowane lungu, hanyar bayan tasha ce kawai take ɓace masa." Aka yi dariya. Mai Hankici bai yi ba.

Washegari da tsakar rana, daidai lokacin da direbobi suka cika bencina, motar ofis ta tsaya a ƙofar Yaya. Ya fito da mutanensa, da Dogo wanda ya gayyato musamman.

"A'a, Auta! Yau kai ne da kanka?" in ji Yaya, tana goge hannu da zani. "Ku zauna in zubo muku."

"Aiki ya kawo ni. Ki buɗe mana ko'ina."

"To, buɗe yake. Ka dai rame, matar nan ba ta ba ka abinci ne?"

Direbobi suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Yau za mu ga yadda ake duba wadda ta yi wa duba-gari wanka."

Ya shafa hankici a ƙarƙashin tebur, ya ɗaga, fari tas. Ya shafa a kan kantar abinci, a bayan ƙofa, a murfin duro. Ya haska cikin duron da tocila, ruwa garau. Ya duba faratan Yaya ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa tana miƙa masa hannu tana murmushi kamar wasa ake yi. Dogo ya jingina da bango yana hamma.

Sai Mai Hankici ya zagaya baya. Can jikin katanga, nesa da murhu, akwai wani fasasshen kasko da Yaya ke zuba wa kyanwa ruwa. Kyanwar ta daɗe da ɓata, ruwan sama ya taru a ciki, 'ya'yan sauro na wutsil-wutsil. A ko'ina, abin da ake yi wa irin wannan shi ne a kifar da ƙafa a ja kunnen mai gida. Shi ma ya sani. Ya sa ludayi ya ɗebo, ya shigo da shi a hankali don kada ya zube, ya bi bencina yana nuna wa masu cin abinci.

"Kun ga abin da ke zagaye da abincinku."

Cokula suka tsaya. Ya ce a kawo galan daga mota.

"Auta, ruwan kyanwa ne fa," in ji Yaya. "Me ya haɗa shi da tukunyata?"

"A nan ba Auta. Karɓi."

Ta dube shi. Sannan ta karɓa da hannu biyu, ta fara da tukunyar miya, ta koma ta shinkafa, ta ƙarasa da ta nama. Da ta gama ta miƙa masa galan ta ce, "Ga shi, Yallaɓai." Aka sa kwaɗo a ƙofa, aka shafa jan fenti.

Ya sami kujerar. Manya suka riƙa ba da misali da shi, mutumin da bai ƙyale ko yayarsa ba.

Da aka cire kwaɗon, Yaya ta wanke tukwane ta sake ɗorawa, amma direbobi sun koma wani wuri. A tasha aka riƙa kiran ɗakin "gidan sauro". Wasu suka ce miyarta har yanzu tana warin kananzir. Ta yi ta dafawa tana zubarwa har ta gaji. Ƙarshe ta sayar da bencina, ta tattara kayanta ta koma gidan ƙanenta, sabon darakta, aka ba ta ɗakin baya kusa da gareji.

Wata rana da safe, yana ɗaura agogo zai fita, ya ji muryar matarsa daga kicin. Yaya ta shiga ne don ta taya ta yanka albasa.

"Don Allah, Yaya, ajiye wuƙar nan. Abincin yara ne."

"Na wanke hannuna, 'yar nan."

"Na sani. Amma gwamnati ce ta rufe ki, ba ni ba." Ta ɗaga murya. "Baban yara, ko ƙarya na yi? Ba kai ka gani da idonka ba?"

Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Yaya na riƙe da wuƙar, tana kallonsa, tana jira. Direba ya riga ya tayar da mota, masu aikin gida suna saurare.

"Ki bar musu kicin ɗin, Yaya," in ji shi. "Ki je ki huta."

Ta ajiye wuƙar, ta ratsa ta gefensa ba tare da ta taɓa shi ba. Daga ranar, a kwano ake kai mata abinci ɗakin baya, kuma kwanonta daban ake wanke shi.