Na cinye tuwon Inna

Jama'a, yau asirina ya tonu a gaban mahaifiyata.

Kun san ba ni cin miyar kuɓewa. Tun ina yaro Inna ke yi mini miya daban, matata Rabi ma haka take yi. Yau Inna ta zo daga Korgom. Ina buga ludo a waya aka kawo tuwo. Ido na kan waya, na jawo kwano na siɗe tas, har na ce, "Rabi, ƙaro miyar nan."

Na ɗaga kai, yauƙi na bin gemuna. Ashe kwanon Inna ne!

Inna ta ce, "Kai da ka ce tana sa ka amai?"

Rabi ta ce, "Daga yau tukunya guda."

Ludon ma an cinye ni.