Dattijon da ke Atisaye a Gadar Shumaisi

Ni bibbiyu nake taka matakalar gadar tsallake titi ta unguwar Shumaisi, amma yau wani dattijo ya rage mini sauri. Yana sanye da farar jallabiya da sabon kambas, yana hawa yana dafe gwiwa yana cije leɓe.

"Baba, in kama ka?"

"Yalla, wuce, ɗana. Atisaye nake."

Sai ya nuna mini hoto a waya: 'yar siririyar hanya a jikin tsauni, ga teku shimfiɗe a ƙasa. 'Yarsa Zahida ce ta turo, can za ta kai shi in ya samu hutu. Ina jin bai gaya mata zancen gwiwar nan ba.

Na sauka na waiwayo, ga shi can saman gada yana haki. Ya kare rana da tafin hannu, yana kallon motoci kamar ruwa ne.