Ranar da Muka Shanya Mutane Saboda Hoto

Har gobe ban manta da ranar da muka shanya mutane a rana saboda hoto ba. Na ce "muka" don ni ma ina cikin biron da ya amince.

Ku da kuka shigo daga baya, ƙungiyarmu ta kafu ne bayan an rufe ɗaya daga cikin ramukan ma'adinai, gidaje da yawa a Arlit suka daina ɗora tukunya. Biro, wato kwamitin gudanarwa, mu bakwai ne, ba mai ɗaukar albashi. Ni, da yake na tsufa a ɗakin girkin kamfani, aka ba ni riƙon mabuɗin mangaza, wato ɗakin ajiyar hatsi. Doka ita ce: masu unguwa su raba tikiti, mai tikiti ya karɓi tiyarsa, kuma ba a buɗe ƙofa sai shugaba ya ce a buɗe. Shugabanmu lokacin Alhaji Salisu ne, tsohon direban manyan motoci.

Ana tsakiyar zafi, wani attajiri mai neman tsayawa zaɓe ya aiko mana kamiyon gero, babbar mota cike, ya ce na biyu na tafe. Sharaɗinsa ɗaya: da hannunsa zai miƙa, a ɗauki hoto. Muka ce to, ni har da godiya.

Ranar Asabar aka kira mutane ƙarfe bakwai. Har sha ɗaya bai zo ba. Kun san filinmu, ko inuwar akuya babu. Mata suka lulluɓe jarirai da zanuwa, tsofaffi suka zauna bisa takalmansu don ƙasa ta yi zafi.

A cikin layi na hango Malam Idi, shef ɗin ekip ne, wato shugaban lebura, a ƙarƙashin ƙasa da, mutumin da na sha zuba wa abinci yana tura rabi gaban ƙananan lebura. Ya ja rawani ya rufe fuska. Na je na gaishe shi.

Ya ce, "Hajiya Mariama, da gaske hoto za a ɗauka?"

Na ce haka aka ce.

"Ɗiyata na aure a Maraɗi. Ba ta san mun kai nan ba."

Ya miƙo mini tikitinsa ya juya. Na kira shi, bai waiwayo ba. Mutum bakwai ne a gidansa.

Na sami Alhaji Salisu cikin mota, gilas a rufe. Na ce, "Alhaji, a buɗe mangaza."

"Ki yi haƙuri, Hajiya, attajirin ya ce sun taso."

"Tun ƙarfe tara yake tasowa."

"In muka raba ba shi, kamiyo na biyu ya tafi. Ke za ki ciyar da su wata mai zuwa?"

Muna cikin haka wata tsohuwa daga wajen Gugaram ta dafa motar. Hausarta ba ta nuna ba, amma kowa ya gane. Ta ce, "Ni ya zo tun jiya. Awaki ba mai tsaro. In ba a ba, a faɗi." Ba roƙo take ba, tambaya take.

Na je na buɗe ƙofar. Raina ya ɓaci, kuma na san doka nake karyawa. Na kira samarin awo muka fara. Kafin azahar fili ya watse. Attajirin ya iso bayan la'asar da masu kamara biyu, ya tarar da buhunan wofi. Bai ko sauko ba.

Kamiyo na biyu bai zo ba. Wannan gaskiya ne, ba na ɓoye ta. Watan da ya biyo rabin tiya muka raba, akwai matan da suka zage ni a kasuwa, kuma ban ce ba su da hujja ba.

Biro ya zauna a kaina. Huɗu suka ce a karɓe mabuɗi, biyu suka ce a'a. Na ajiye shi bisa tabarma na ce, "Ku karɓa. Amma a rubuta cewa ni ma na ɗaga hannu ranar da aka amince da hoto, kuma wannan ne laifin da nake jin kunyarsa." Sakatare ya dubi Alhaji. Alhaji ya ce, "Rubuta."

Geron Malam Idi na kai masa har gida. Matarsa ta karɓa a zaure. Shi bai fito ba, kuma bai sake karɓar tikiti ba har ya bar garin.

Abin da na koya a aikin nan, mai kawo buhu kullum yana da kujera a taronmu, ko bai zo ba ana jin muryarsa. Wanda ke tsaye a layi ba shi da kowa a ɗakin sai ku. In an kawo muku kyauta da sharaɗi, kafin ku ɗaga hannu ku tambayi kanku ko za ku yarda mahaifinku ya cika shi. Ni ban tambaya ba sai da rana ta take.