Fartanyar Masallaci

A unguwarmu ta Kabara fartanya iri biyu ce. Akwai ta gida, wadda ake nome yakuwa da ita a bayan ɗaki, a yashe kwata, a kashe kunama. Akwai kuma ta masallaci, wadda ke jingine a ɗan ɗakin da ake ajiye makara. Ita wannan aikinta ɗaya ne, haƙa kabari. Shi ya sa in ka ji an ce "an fitar da fartanya", ba ka tambayar me za a shuka, sai dai ka ce wa ya rasu.

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, Yayana ya ajiye kaki ya dawo. Tun yana saurayi ya bar Kano, ya ƙare ƙuruciyarsa a barikokin kudu, ya dawo mana baƙo a gidan ubansa. Ya tarar da Baba a kwance. Likita ya riga ya gaya mana ciwon hantar nan ba na tashi ba ne. Dangi sun sani, maƙwabta sun sani, Baba kaɗai muka ɓoye wa. Kullum ce masa muke shawara ce, za ta wuce, shi kuma ya yarda.

Yaya ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya ji an ce zogale na taimakon mara lafiya, ya ce sai ya dasa a tsakar gida. Ƙotar fartanyarmu kuwa ta karye. Maimakon ya aro a maƙwabta, mutumin nan ya leƙa ɗakin masallaci, ya saɓo waccan a kafaɗa, ya ratso lungu da hantsi, fuska a murtuke kamar kullum.

Ina wanke-wanke na ɗaga kai na gan ta. Na saki kwano na miƙe tsaye.

"Yaya! Ina ka samo wannan?"

"Masallaci mana. Aro na yi, ba sata ba."

"Mayar da ita! Don girman Allah mayar yanzu!"

Ina! Kafin ya juya zaure ya cika da salati, har an fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Muka yi ta rantsuwa Baba na nan da ransa, mutane suka watse suna yi wa Yaya wani irin kallo. Na shiga na ce wa Baba wasu ne suka yi ɓatan gida. Na zaci shi ke nan.

Ashe wani mai keke ya riga ya kai labari Dukawuya, unguwar su Gwaggo. Sai ga Gwaggo, yayar Baba, ba ko takalmi. Ta ture ni a soro, ta faɗa ɗakinsa tana kuka, tana cewa, "Allah ya hutar da kai, ƙanena! Da ma likita ya faɗa ba za ka tashi ba!"

Ta same shi zaune yana shan kunu.

Baba ya ajiye ludayi a hankali. Bai kalli Gwaggo ba, ni ya kalla, ina tsaye a bakin ƙofa.

"Uwata, ke ma kin sani?"

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya ce, "To. Ku fita, ki ja mini ƙofar."