Rosina Womal, Mai Ƙirga Ƙaguwar da Ba Ta Gani Ba

Kullum kafin rana ta yi zafi za ka ga Rosina Womal a bakin teku tana fasa kwakwa. Ta cika buhu, ta naɗe igiyar awo a kafaɗa, ta ɗauki wani tsohon kwando da ya kusa sa'ar 'ya'yanta, ta shiga kwalekwalen ofishin kula da kamun kifi. Aikinta shi ne ta bi tsibiran lardinmu ta gaya wa mutane yawan ƙaguwar kwakwa da ta rage musu a daji. Ba mai iya ƙirga su duka, don haka takan zaɓi 'yan wurare ta ɗaura kwakwa, ta ƙirga waɗanda suka fito ci da yamma, daga nan ta ƙiyasta na sauran dajin. Wannan watan za ta ajiye aiki, kuma mu mutanen tsibirinta ba za mu bari ta sulale shiru ba.

Mun fi tuna shekarar buɗe sabon coci. An daɗe da kafa ganyen hani a bakin daji, ba mai taɓa ƙaguwa, domin ta kusa ƙarewa kuma dabba ce mai jinkirin girma. Dattawa sun yi alkawari ba za a cire ganyen ba sai ta haura dubu uku. Shi kuwa dagacinmu Selwin, kawun Rosina, ya riga ya cika baki a gaban tsibirai huɗu cewa baƙin biki za su ci ƙaguwa har su ture.

A wurinmu, wanda ya sauka daga jirgi baƙo ne ko da a nan aka yanke masa cibiya, baƙo kuma wuri mafi albarka ake kai shi. Da aka ji Rosina za ta zo ƙirga, maza suka share hanya har kogon da ƙaguwa ta fi yawa. Don gudun kunya ma, sun yi kwanaki suna zuba kwakwa a wurin.

Rosina ta leƙa, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kawu, wannan ai gidan biki kuka kawo ni! In na ƙirga nan na ce haka dajin yake, sai ku ɗauka ƙaguwa ta fi ku yawa."

"To mu kai ki inda babu? A ce mun wulaƙanta 'yarmu?"

"Kada ku kai ni ko'ina. Kwando ne zai kai ni."

Ta raba dajin gunduwa-gunduwa, kowace da tsakuwarta mai alama, ta zuba a kwando, ta sa Inna Hilda, tsohuwar da ta fi kowa shekaru, ta rufe ido ta zaro ashirin. Wata tsakuwa ta faɗa kan fadamar da ko ƙadangare ba ya zuwa. Maza suka yi ta gunaguni, suna cewa Inna Hilda ba ta da sa'ar hannu. Tsohuwar ta ce wanda ya fi ta sa'a ya nuna haƙoransa in ya kai shekarunta.

Da aka gama, Rosina ta tsaya a dandali ta ce, "Ƙiyasina dubu uku da ɗari takwas ne. Amma gaskiyar tana tsakanin dubu biyu da rabi da dubu biyar da 'yan kai."

Selwin ya ajiye ƙoƙon kava, abin shanmu na gargajiya. "Ke 'yar nan, lamba ɗaya na tambaye ki, kin ba ni gona guda. Ta farkon ta ishe mu."

"Ta farkon ita ce tsakiya, Kawu. Da wasu duwatsun Inna ta zaro, da wata lambar ta fito. In na yi irin wannan awo sau ashirin, kusan sau goma sha tara gaskiyar za ta faɗo cikin tazarar da na bayar. Yau ƙasan tazarar bai kai dubu uku ba."

Ranar ta koma masauki da zuciya mai nauyi, domin tana son kawunta, ta kuma san kunyar da ke jiransa. Ke ce, Rosina, kika zaɓi ya yi fushi da ke a kan jikokinsa su tashi ba su san ƙaguwa ba sai a labari. Ke ce kuma ba ki tsaya kan "a'a" ba. Washegari kika same shi kika ce tazarar za ta tsuke in aka ƙara wuraren ƙirga, sai dai hannunki biyu ne kawai.

Garin kaf ya fito. Inna Hilda ta zaro duwatsu har hannunta ya gaji, mata suka fasa kwakwa, Selwin da kansa ya shiga fadama har gwiwa yana zagin sauro. Sakamako ya fito: tsakanin dubu uku da ɗari uku da dubu huɗu da ɗari ɗaya. Tun kafin Rosina ta rufe baki aka kaure da guɗa. Aka cire ganye, aka kama manyan mazan ƙaguwa kawai, baƙi suka ci suka yi guzuri.

Tun daga lokacin maganarta ta shiga bakinmu. Mace ta tambayi miji yaushe zai dawo daga kamun kifi, ya ce tsakanin azahar da magariba, ita kuma ta ce ya tsuke tazarar ko ya tarar da tukunya a wanke.

Mun gode, Rosina, mai faɗin iyakar abin da ta sani. Ku matasan da za ku gaji kwandon nan, ku riƙe halinta: kada a ja ku zuwa kogo, kada kuma ku ji kunyar cewa "tsakanin".

Ranar Asabar aka yi mata walimar sallama. Selwin, da sandarsa yanzu, ya tura mata ƙaguwa mafi girma, ya nuna taron da hannu.

"To, gwanar ƙiyasi, masu ƙaunarki a tsibirin nan tsakanin nawa da nawa ne?"

Ta duba, ta sake dubawa, sai hawaye. Ba abin da za ta ƙiyasta, domin ba wanda ya rage a gida.