Ɗakin da Dogo Ya Shafe

Dogo mai shafe ne. Shekara tara yana birni, ɗakunan da ya shafe shi kansa bai san iyakarsu ba, amma bai taɓa riƙe makullin ko ɗaya ba. Ginin da yake aiki nan ne makwancinsa, kamar sauran baƙin ma'aikata. Su kuwa suna da dabararsu: ɗakin da kake kwana shi ne na ƙarshen shafewa, domin muddin bulo na tsirara ba mai kafa masa ƙofa.

A wannan benen, nasa na hawa na uku. Kwali a ƙasa, jaka rataye a ƙusa, bokiti a kife shi ne kujera. In an tashi aiki sai ya zauna bakin taga yana cin abinci shi kaɗai, yana kallon shanyar matan wasu. Kewar tasa matar ta ishe shi. Tana can gidan wanta da yara biyu.

Ran nan ta kira shi. "Yaya zai shigo ran Asabar. Ya ce in ya ga kana da wurin ajiye mutum, zai bar ni in zo."

Dogo ya dubi bangon nan mai kaushi, kunya ta rufe shi. Mai gyara ɗakin kowa, a zo a same shi cikin kango? Ya kwaɓa siminti, ya ɗauki cokalin shafe. Kwana biyu yana guga har bango ya yi sumul.

Wani kafinta ya leƙo. "Kai Dogo, lafiyarka kuwa? Wa ke shafe makwancinsa?"

"Baƙo zan yi."

Ran Asabar ya taro surukinsa daga tasha. Suka hau bene, Dogo a gaba sai zuba yake. A hawa na uku ya tsaya cak. Sabuwar ƙofa, da kwaɗo. Ashe ɗan kwangila ya zagayo da safe, ya ga ɗaki ya kammala, ya sa an rufe. Jakarsa da kwalinsa na jingine a waje.

Surukin ya leƙa ta tsagar ƙofa. "Aikinka ne wannan?"

"Nawa ne, Yaya."

"Hannunka na da kyau." Ya dubi kwalin. "To, me zan gaya mata?"

Dogo ya saɓa jakarsa, ya ɗaga kai ya dubi matakalar hawa na huɗu, inda ko rufi ba a yi ba.

"Ka ce mata ka ga ɗakin."